Malam Yusha'u, Maginin da Ya Rufa wa Mahaifina Asiri

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa, kowa da ranarsa. Ranar Talata, goma ga watan Sha'aban 1445, wadda ta yi daidai da ashirin ga Fabrairun 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Yusha'u Magini a gidansa na Pauwa, cikin ƙasar Ƙanƙara, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. Shekarunsa sittin da 'yan kai. Ina zaune a rumfata ta cajin waya a kasuwar Faskari babban ɗansa Kamilu ya bugo mini da hantsi. Bai ja magana ba. Ya ce Malam ya cika, jana'iza bayan Azahar. Na ajiye wayar, na kasa tuna wayar wa ke caji, ta wa ta cika.

Sunana Bilya. Duk wanda ya san ni a kasuwar nan ya san bakina ya fi hankalina gudu. A aji huɗu na firamare na bar makaranta, sauran karatuna a tsofaffin jaridun da ake naɗe ƙosai na tsince shi, daga baya kuma a waya. Wanda ya koya wa kansa karatu yana da wata cuta: gani yake duk abin da ya karanta shi kaɗai ya sani. Da wannan cutar na tare ka, Malam, ranar da muka fara haɗuwa, kuma da ita na cuce ka. Zan faɗi duka a nan, tunda ban faɗa ba kana raye.

Bayan girbin shekarar 2021 mahaifina, Malam Amadu, ya faɗi a bakin rumbu. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin hagu, hannu da ƙafa. Aka yi jinya, ya dawo gida yana jan ƙafa da sanda, harshensa ya ɗan yi nauyi. Mutum ne da tun ina yaro ban taɓa ganin kansa babu hula ba. Yanzu kuwa in zai kewaya sai na tallabe shi zuwa makewayi, in durƙusar da shi, in riƙe masa buta. Makewayin namu tsoho ne, simintinsa ya tsattsage, gansakuka ta cika shi, ko mai ƙafa biyu sai ya lallaɓa. Duk sanda muka shiga, Baba ya kan kafe idonsa a bango har mu fito.

Sai ya fara rage abinci. Tuwo loma biyu, ruwa kurɓa ɗaya. Muka ɗauka ciwon ne. Likita ya ce in bai sha ruwa ba ƙodarsa za ta taɓu, muka yi lallashi, muka yi faɗa, bai canza ba. Mahaifiyata, Inna Tani, ita ta gane. Ta kira ni bayan ɗaki ta ce da gangan yake yi. Ba ya ci ne don kada ya buƙaci kewayawa, ba ya son kewayawa ne don kada ɗansa ya ga tsiraicinsa. Ta ce in ba a yi wani abu ba, kunya za ta kashe shi kafin ciwon ya kashe shi.

Na shiga waya, na karanta, na kalli hotuna, na yanke cewa tayil za a sa, fari mai sheƙi, irin na otal. Na tambayi magini, mutum uku suka ambaci sunanka. Suka ce daga Ƙanƙara har Sabuwa, in dai wurin ruwa ne, wurin alwala ko makewayi, a nemi Yusha'u na Pauwa.

Ka zo a kan tsohon mashin ɗinka mai tari kamar mai shi. Na ja ka zuwa makewayi, ka ce in dakata, ba ka zo gaida makewayi ba. Ka shiga wurin Baba, ka zauna a tabarma, kuka gaisa kamar kun san juna tun kaciya. Ka ce ya matse maka hannu da damansa, ya matse. Ka ce ya miƙe ya taka zuwa ƙofa, ka auna takunsa da karan dawa, ka karya karan daidai tsawon takun. Ka sake auna daga ƙasa zuwa gwiwarsa da wani karan. Da waɗannan karare biyu ka shiga makewayi. Ni ina tsaye ina huci, ina nuna maka hotunan tayil.

Ka duba hotunan a hankali, ka ce suna da kyau, amma ba za ka sa ba. Tayil in ya haɗu da ruwan sabulu ya kan kayar da mai lafiya, balle mai ƙafa ɗaya. Tsakanin tayil da tayil kuma akwai tsaga, nan dauɗa ke kwana, Inna ce za ta ƙare da gugar ta. Ka ce siminti za ka yi, zalla, babu gaɓa ko ɗaya, ka goge shi har ya yi laushi, in ya bushe ka shafe shi da kakin zuma don kada ya sha ruwa.

Na taɓa ganin irin wannan aiki a waya, a banɗakunan Turawa. Maimakon in yi murna, sai raina ya ɓaci da jin sa a bakinka. Na ce a ina ka gan shi, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa? Na ce maka bagidaje, a tsakar gidanmu, Inna tana ji.

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka ce, "Ɗan nan, ni a hannun uwata na gani. Ita da mata 'yan uwanta suna daɓe, su yayyafa makuba, ɗaki ya shekara goma ruwa bai ci shi ba. Siminti ne baƙo a wurina, hana ƙasa shan ruwa ba baƙo ba ne."

Daga baya na ji sauran labarin. Iyayenka masu addinin gargajiya ne a wani ƙauye kusa da Ƙetare. Kai ka musulunta kana saurayi, ƙanwarka Esther ta bi coci, ba kuwa abin da ya raba ku. Ita ke da amya a itatuwan gonar gado, ita ke tace zuma ta tara maka kakin a dunƙule. Ka lura tun da daɗewa ƙwaryar da kaki ya taɓa ruwa ba ya zama a jikinta, ka gwada a bangon wurin alwala na wani masallaci, ya yi, ka riƙe.

Ban taɓa ganin mutum yana aiki irin naka ba, kuma a lokacin haushi yake ba ni. Yashi sau uku ka rairaye shi da rariya, har ya koma kamar garin tuwo. Shafe kuma ba ka yi mai kauri sau ɗaya ka huta ba, sai siriri a kan siriri, kowanne ka bi shi da cokalin gini kana dannawa, kana karkata kai kana kallon hasken da ke kwance a jikinsa. Kusurwoyi duk ka lanƙwasa su, ka ce kusurwa mai kaifi maɓoyar dauɗa ce. Ka gina dakalin zama daidai karan gwiwar Baba, da ramin masai a jikinsa, ka juya shi yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ba kuma ba zai ba ta baya ba. Ka kafa bututun ƙarfe a bangon dama, daga ƙofa har dakali, abin dafawa. Ƙasa kuwa ba ka goge ta ba. Tana ɗanya ka ja tsintsiya a kanta, ta yi zane-zane mai kama ƙafa. Ka tsiyaya ruwan buta a bakin ƙofa, ka tsuguna kana bin sa da ido har ya faɗa magudana. Ya tsaya a wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ka fasa wurin ka sake.

Akwai matsalar da ni duk karatuna ban hango ba. Hagu ake tsarki da shi, hagun Baba kuwa ya mutu. Ko an gina masa fada, wa zai zuba ruwa, wane hannu zai wanke? Kai ka hango tun ranar da ka ce ya matse maka hannu. Ka ɗora jarka a kan katanga, ka jawo siririn tiyo da kan famfo har gefen dakali, yadda in ya murɗa ruwa zai zubo da kansa. Saura hannun. Baba ya ce atafau ba zai kai damansa ga najasa ba, hannun da yake ci da shi, yake ɗaukar Alƙur'ani da shi. Ba ka yi masa gardama ba. Ka ce kai ba malami ba ne, magini ne. Washegari sai ga ka da limamin unguwarmu, ka zaunar da shi kusa da kunnen Baba, ka ja ni muka fita. Liman ya shaida masa cewa lalura ta sauƙaƙa masa, babu laifi a kansa. Ni da na yi sati ina karanto masa wannan magana daga waya bai ko kalle ni ba. Kai ka san daga bakin da zai karɓa.

Da ka gama ginin ka ba ni umarni biyu. Kwana bakwai in riƙa yayyafa wa simintin ruwa safe da yamma. Bayan nan in bar ƙofa a buɗe sati uku, kada kowa ya shiga, kada a taɓa, sai ya fitar da ruwan cikinsa kaf sannan za a shafa kaki. Ka bar dunƙulen kakin a wurin Inna, ka ce za ka riƙa leƙowa.

Sati huɗu ke nan. Ina kallon wuyan Baba yana ƙara tsawo, idonsa yana faɗawa. Na ce maka mutum na mutuwa kai kana jiran bango ya bushe. Ka ce siminti ba ya jin roƙo, amma Amadu yana ji, a bar ka da shi. Abin da ka yi kuwa shi ne, duk bayan kwana biyu sai ka taso daga Pauwa, a wannan hanya da kowa ya san halin da take ciki, ka iso da gorar fura. Ka zauna ka ce kai ba ka iya sha kai kaɗai ba, in Amadu bai sha ba kai ma da yunwa za ka koma, alhakin yana wuyansa. Kana zolayarsa, wai manomin da ya cika rumbu uku ya zo yana tsoron ludayi. Shi kuma da nauyin harshensa yana ramawa, wai magini ne kai amma katangar gidanka ta kara ce. In ya sha, aka jima, kai da kanka kake kama shi zuwa makewayin wucin gadi da muka kafa da zana, ka ce mini in je in duba rumfata. A gaban sa'ansa bai jin abin da yake ji a gaban ɗansa. Ranar da ka zo ya kan ci ya sha. Ranar da ba ka zo ba ya koma loma biyu.

Ranakun da ba ka zo ba ɗin nan su suka ci ni. A kwana na goma sha biyu da fara shan iskar na taɓa bangon na ji shi a bushe. Na kalli bidiyon irin wannan aiki a waya sau uku. Bayan Azahar, Baba ya kishingiɗa, Inna ta shiga maƙwabta, na narka kakin da ɗan kananzir kamar yadda na ji ka ce ana yi, na ɗauki tsumma na shafe ko'ina. Bango, dakali, har ƙasan da ka ja wa tsintsiya, don a bidiyon har ƙasa suka shafa. Ya yi sheƙi, na tsaya ina yaba kaina.

Kwana biyu bangon ya fito da fararen tabo kamar ƙyasbi. Ruwan da ke cikin simintin ya taso ya rasa hanya, kakin ya yi ɓawo yana ɗagowa. Inna ta shiga da bokiti za ta ɗauraye, ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan hannunta, ya kumbura har gwiwa. Inna ke nan, mai ƙafa biyu. Saura kaɗan kuwa in ce wa Baba ya shiga ya gwada.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. A ranar na fita kasuwa na ce aikinka ne ya lalace. Na faɗa a rumfata, na faɗa a wurin mai shayi, na ce tsohon Pauwa ya zo ya yi mana kwaɓa, ya kusa karya mini uwa. Tsoro ne ya sa, da kunya, amma da bakina na faɗa, kuma na san maganar ta kai Sabuwa, domin wani aikin masallaci da aka yi maka alkawari a can an ba wani.

Ka zo washegari. Ka fara duba hannun Inna, ka yi mata sannu. Ka shiga makewayi, ka kankare bangon da farce, ka shinshina. Ka juyo ka dube ni. Na shirya baki, na tanadi amsa iri uku. Sai ka ce, "Ɗora ruwa a wuta, ka samo dutsen guga guda biyu. Ɗaya nawa, ɗaya naka."

Kwana biyu muna kankarewa da ruwan zafi, a durƙushe, kana tari. Ba ka tambaye ni komai ba. Da Baba ya tambayi abin da ya faru, ina ji ka ce masa simintin ne bai gama shan iska ba, za a ƙara masa kwanaki. Ka sake ja wa ƙasan sabon shafe da tsintsiya, lissafin kwana ya koma farko. Wata guda na ƙara wa mahaifina na wahala da hannuna. Kai kuma daga ranar ka mayar da zuwanka kullum.

Da lokaci ya yi, ka manna ledar burodi a bango ka bar ta kwana ɗaya, ka ɗaga ka ga babu gumi a ƙarƙashinta, ka ce yanzu ne. Ka shafa kakin siriri ƙwarai, a bango da dakali kawai, ka bari ya sha, ka goge da tsumma har hannunka ya gaji, ka miƙo mini na ci gaba. Sau biyu aka yi. Bangon ya koma ruwan toka mai duhu, da laushi kamar bayan tulu. Ka watsa masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangaro bai bar alama ba.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya tashi da sandarsa. Na miƙe zan kama shi, ka riƙe mini riga. Ya ja ƙafa har ƙofar makewayi, ya jingine sandar, ya kama bututun, ya shiga, ya turo ƙofa. Muka tsaya a tsakar gida, ni da Inna da kai. Kai ka juya mana baya kana duba katangar da ba abin da ya same ta. Aka daɗe. Muka ji ruwa yana zuba, ya tsaya, ya sake zuba. Sannan ƙofa ta buɗe, ya fito gemunsa yana ɗiga, hularsa a kansa. Ya yi tsarki, ya yi alwala, shi kaɗai. Bai kalli kowa ba. Ya ce wa Inna, in akwai sauran tuwon jiya a ɗumama masa.

Shekara biyu da wani abu ke nan. Yana ci, yana sha, ya yi ƙiba har Inna na tsokanarsa. Ban sake ganin abin da bai so in gani ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A zaman makoki na ji wata tsohuwa daga Sabuwa tana ba da labarin dakalin wanka da ka gina mata bayan ta karye a ƙugu. Na ji ladanin wani masallaci a Ƙanƙara yana cewa duk bayan damina sai ka biya ka sabunta musu kakin wurin alwala ba tare da an kira ka ba. Mu ma haka ka yi mana, sau biyu. Ina jin haushi, Malam, ba zan ɓoye ba. Shekara arba'in kana shaƙar ƙurar siminti da ƙyalle a hanci, ba wanda ya taɓa ce maka ga abin kariya. Gidajen da ka gina sunan masu kwangila ake kira a kansu. Amma in na fara wannan faɗan sai in tuna ni ma da bakina na rage maka, sai in yi shiru. Don haka ina shaida wa duk wanda ya ji maganata a kasuwar Faskari a wancan lokaci: ƙarya na yi. Aikin Malam Yusha'u bai taɓa lalacewa ba. Ni na ɓata shi, shi ya gyara.

Baba bai iya zuwa jana'iza ba, jikinsa ba zai ɗauki hanyar ba. Da na dawo daga Pauwa na same shi a tabarma da carbi. Na durƙusa na faɗa masa abin da na ɓoye shekara biyu, cewa ni na shafa kakin nan kafin lokaci, ni na jawo faɗuwar Inna da ƙarin wata guda, kuma na ɗora wa Malam laifin a kasuwa. Sannan ya ce, "Na sani. Ina kwance ina jin warin kananzir. Maganar kasuwa ma ta iso mu, tare muka ji da shi. Na ce zan kira ka, ya ce in ƙyale ka, don ni ka yi."

Allah Ya jiƙanka, Malam Yusha'u. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Yadda ka suturta bawanSa a lokacin da ba shi da ikon suturta kansa, Allah Ya suturta ka ranar da kowa zai tsaya babu mayafi. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta mahaifina da mahaifiyata, ga mai ɗakinka Inna Suwaibatu, da 'ya'yanka Kamilu da Sumayya da ƙannensu, da ƙanwarka Inna Esther da iyalinta, da mutanen Pauwa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ina kuma roƙonku ku yafe mini a madadinsa, tunda shi ya riga ya yafe ban ko tambaya ba.

Bilya Amadu, Faskari.